Garejin Lauya

A layinmu akwai wani mutum da muke kira Lauya. Bai taɓa shiga makarantar koyon shari'a ba, ko da don fake wa ruwan sama. Shagon fotokofi gare shi daura da kotu, kuma duk takardar da aka kawo masa sai ya karance ta tas kafin ya ɗora a kan inji. Da haka ya tara ilimin da yake juye mana kyauta, mun tambaya ko ba mu tambaya ba. Gidana yana kallon nasa, titi kawai ya raba mu, kuma tun da na ajiye koyarwa ba ni da aikin da ya wuce zaman baranda. Saboda haka abin da zan ba ku labari da idona na gani. Wanda ban gani ba kuwa, shi da bakinsa ya faɗa mana, har da gyara.

Mahaifiyarsa, Inna, gwiwoyinta ne suka gaza. Likita ya ce ta daina hawa bene, ta kuma daina zama ita kaɗai. 'Ya'yanta maza biyu ne: Lauya, wanda take kira Babba, da ƙanensa Auta. Auta ya ce a kawo ta wurinsa tunda gidansa ba bene ba ne. Lauya ya ji kamar an kwaɗa masa mari. In faɗi gaskiya, duk cika-bakin nan nasa yana son tsohuwar, so na gaske, kuma ya daɗe yana burin ta yi tsufanta a gidansa. Ya buga mata waya ya rantse cewa kafin wata ya mutu ɗakinta yana jiranta. Ta ce to, za ta zo ta gani da idonta. In ya yi mata ta zauna, in bai yi ba ta wuce gidan Auta.

Ɗakunan kwanan gidan Lauya duk a sama suke. A ƙasa akwai falo, da kicin, da gareji mai kallon titi, sai wani ɗaki mai kyau da tagogi biyu da banɗaki a ciki. Wannan ɗakin Lauya ya cika shi da ragowar takardun da masu shari'a suka manta a shagonsa, ya sa teburi da kujera mai juyawa, ya sa masa suna ofis.

Matarsa nas ce a asibiti, mace mai gajeriyar magana. A ƙofar gida suka yi ta, ina ji.

"Baban yara, ka kwashe tarkacen ɗakin nan na ƙasa mu sa mata gado. Aikin yini ne."

"Wane ɗaki? Ofis kike nufi?"

"Wanda kake barcin rana a ciki."

"Nazari nake yi, ido a rufe. Ofis ba ya taɓuwa. Ina jama'a za su same ni idan suna neman shawara?"

"Wace jama'a? Jama'ar da ke canza hanya in sun hango ka?"

"Ke dai ki zuba ido. Gareji zan mayar mata ɗaki, ɗakin da sai an zo kallo."

"To ka je ka nemi izini. Ka san dokar unguwar nan."

Lauya ya yi wata irin dariya ta tausayin jahilai. Ya ce doka ai a hannunsa ta girma.

Washegari ya sa baƙar kwat ɗinsa, wadda yake sawa in zai je inda yake so a ji tsoronsa, ya nufi ofishin tsara gari. Ya tarar da mutane zaune a layi, kowa riƙe da lamba. Bai ɗauki lamba ba. Ya ce layi na waɗanda ba su san hannunsu ba ne. Ya wuce kai-tsaye gaban wata ma'aikaciya mai tabarau, ya dafa teburinta ya ce yana da tambaya ta ilimi.

Matar ta yi masa bayani cikin haƙuri. Ta ce duk mai son mayar da gareji ɗakin kwana sai ya kawo zanen aikin. Sai an buɗe taga, an ɗaga daɓen, an kuma nuna inda mota za ta riƙa kwana a cikin gida, don kada a bar ta a titi. Daga nan a zo a duba, sannan a ba da izini. Abin yakan ɗauki makonni.

"Hajiya," in ji Lauya, "a wurin doka, mene ne gareji?"

"Ɗakin da ake ajiye mota."

"Ki maimaita."

"Ɗakin da ake ajiye mota. Malam, akwai mutane a bayanka. A gabanka ma, in gaskiya za a bi."

Ya yi mata godiya irin ta wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu, ya fito. Da yamma ya tsallako titi ya tsaya ƙarƙashin barandata yana sheƙi.

"Malam, na gama da su! Da bakinta ta faɗa. Gareji ɗaki ne da ake ajiye mota. Ta ce ɗaki ne da ba a ajiye uwa? Ba ta ce ba. To muddin motata tana ciki, gareji ne, ba ruwana da izini. Garejin nan yana da faɗi. Mota ta kwana a hagu, Inna ta kwana a dama."

Na ce, "Innar ta san da wannan tsarin?"

"Inna ba ta karanci doka ba."

Na ce ai shi ma haka, amma a lokacin ya riga ya kai tsakiyar titi.

Tsarin nasa shi ne a cire babbar ƙofar ƙarfen nan mai ƙara da shigar da iska, a gine gefen da gadon Inna zai zauna da bulo, a bar ƙofa daidai shigar mota. Aka kawo bulo da siminti da yashi, aka zube su a bakin titi. Magini ya zo da safe, ya dubi garejin, ya dubi motar da ke ciki. Wata ƙaramar shuɗiyar mota ce da Lauya yake wanke ta fiye da yadda yake wanke kansa.

"Maigida, a fitar da motar mu fara?"

"Kul! In ta fita ko na sa'a guda ana gini, wurin ya zama ɗaki ke nan, sun samu abin kamawa. Motar nan ita ce shaidata. Shaida kuwa ba ta barin kotu sai an tashi."

Magini ya ce to. Ya ciro tef zai auna faɗin ƙofa, Lauya ya ture hannunsa. Ya ce tef na masu shakka ne, shi motar nan ya san ta ya san faɗinta. Ya shiga ciki, ya ware hannuwa a kan bonet daga wannan fitila zuwa waccan, ya riƙe su a ware, ya juyo yana takowa a hankali kamar mai ɗauke da tire. Ya kusa isowa bakin ƙofa sai waya ta yi ƙara a aljihunsa. Auta ne.

"Yaya, ya aikin ɗakin? In da matsala ka faɗa, na riga na sa an share nawa."

"Matsala? Kai yaro, ka mayar da tsintsiyarka. Ɗakin da nake yi wa Inna, in ka gani sai ka roƙi a ba ka haya."

Ya yi ta zuba da hannu ɗaya a kunne, ɗayan yana nuna wa Auta girman ɗakin ta waya. Da ya gama ya mayar da wayar aljihu, ya sake ware hannuwa ya mayar da su inda yake zaton ya bar su. Ya ce wa magini, "Nan zuwa nan." Magini ya ja alli. Ni ina sama ina kallo. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna shekarun da na yi ina shan shawararsa ba da sona ba, na mayar da bakina na rufe.

Gini ya tashi, ya bushe, aka yi masa shafe. Ba laifi, bango ya yi kyau. Ranar da za a fitar da mota Lauya da kansa ya kira maƙwabta, wai a zo a ga yadda ake bi da hukuma da hankali. Mai kemis na kan kwana ya zo, mai gidan kusa da nawa ya zo da matarsa, har mai kawo mana ruwa ya ajiye aikinsa ya tsaya. Lauya ya shiga, ya tayar, ya ɗaga mana hannu ta taga. Hancin motar ya leƙo titi. Fitilu suka iso bakin bango, sai muka ji ƙiiiit, motar ta tsaya cak.

Ya ja baya, ya naɗe madubin gefe, alhali madubin ko kusa da bangon bai kai ba. Ya sake gwadawa. Ƙiiiit. Ya fito ya sace iskar tayoyi, wai don ta rage jiki. Motar ta durƙusa, amma faɗinta yana nan. Ya aika aka ɗauko sabulun wanki a kicin, ya shafe gefenta da gefen bangon har kumfa tana zuba. Wannan karon ta fito da ɗan nisa, ta maƙale, sai da muka taru muka tura ta baya. Shuɗin fenti ya kwanta a jikin sabon bango, layi biyu, dama da hagu.

"Siminti ne ya kumbura," in ji Lauya. "Simintin yanzu ba shi da amana."

Mai kemis ya ce, "Ko dai motar ce ta yi ƙiba da zaman wuri ɗaya?"

Matar Lauya tana tsaye da kayan aikinta, jaka a kafaɗa. Ta ce, "Baban yara, wa zai kai ni asibiti?"

Ya kaɗe kumfar hannunsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku ba ku gane ba ne. Da gangan na yi. Ku gaya mini, wane ɓarawo ne zai iya sace motar nan yanzu?"

Wannan kam ba wanda ya musa. Daga ranar Lauya ya koma hawa bas da kwat ɗinsa, yana koya wa direba dokokin hanya.

Ba a jima ba wani ma'aikacin tsara gari ya biyo ta layinmu, ya ga ragowar bulo da sabon bango. Ya tsaya ya zana jan fenti a jiki, ya ce wa matar gidan za a zo dubawa ƙarshen mako. Lauya ya dawo ya ga jan fenti, ransa ya ɓaci, amma ba don tsoro ba, a cewarsa, don rashin iya rubutun mutumin. Ya sayo farin fenti ya shafe. Sannan ya ɗauko baƙi, ya hau kujera, ya rubuta a saman ƙofar da haruffan da ake iya karantawa daga bakin babban titi: GAREJI.

Bai tsaya nan ba. Ya ce shaida ba ta yawa. Ya samo tsofaffin tayoyi ya jingina a bango, ya rataye sifana a ƙusa, ya ajiye jak a bakin ƙofa, ya kuma yayyafa baƙin mai a ƙasa don wurin ya yi kama da inda mota ke zama. Ya ja baya ya riƙe ƙugu. Ya ce ko makaho ya zo, da hanci zai gane gareji ne.

Aka kuwa gane. Abin da Lauya ya manta, duk da iliminsa, shi ne a bakin mutane kalmar nan tana da fuska biyu. Inda mota ke kwana gareji ne, inda ake kai ta in ta mutu shi ma gareji ne. Da sassafe sai ga wani direban tasi yana turo motarsa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Sannu da aiki. Ina bakaniken?"

A nan kalma ɗaya ta isa ta ceci Lauya. Ya ce babu, shi ke nan. Har ya buɗe baki zai faɗa, sai direban ya dubi kwat ɗinsa ya ce, "Au, yi haƙuri, na ga alama kai ba ka san inji ba."

Tun da nake da Lauya ban taɓa jin kalmar "ban sani ba" ta fito daga bakinsa ba, kuma ba ranar za a fara ba. Ya cire kwat ya rataye a ƙofa. Ya buɗe bonet, ya ƙwanƙwasa wani abu da sifana, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Wa ya taɓa maka ita kafin ni?"

"Wani ne a can bakin kasuwa."

"Na gani. Ya kashe ta. Bar ta, ka dawo jibi."

Bayan direban ya tafi na leƙo na ce, "Lauya, me ka sani a inji?"

"Malam, inji da doka duk abu ɗaya ne, bin layi ne. Kuma ka duba hikimar. Mota ɗaya shaida ɗaya ce. Mota biyu fa?"

Kafin mako ya ƙare shaidu sun cika layi. Wata farar mota mai tari, wata akori-kura da ba ta komawa baya, wata da mai ita ya ce ƙara kawai take yi in an taka birki. Kowacce Lauya ya buɗe ta, ya kwance abin da hannunsa ya iya kwancewa, ya zuba a babbar robar wankin matarsa. Roba ɗaya ya yi wa dukkansu, wai ai zai gane kayan kowa da ido. Mai gidan kusa da nawa ya kasa fitar da tasa motar, ya zo yana faɗa. Lauya ya ba shi shawarar ya shigar da ƙara, ya kuma ce in ya tashi yin fotokofin takardun ya san inda zai zo.

Ranar da za a zo dubawa ita ce ranar da Inna za ta iso. Lauya ne ya kamata ya ɗauko ta. Ya buga wa Auta waya ya ce ya taimaka ya kawo ta, motarsa tana kan wani aiki na shari'a.

Da hantsi mai dubawa ta iso, kuma ba kowa ba ce illa matar nan mai tabarau. Ta bar motarta a bakin layi don ba hanya, ta ratso tsakanin matattun motoci tana ɗage siket daga baƙin mai. Masu motocin ma sun zo, kowa an ce masa ya dawo yau. Mu maƙwabta ba sai an kira mu ba. Ni har saukowa na yi daga baranda, don irin wannan ba a kallonsa daga nesa.

Ta ɗaga kai ta karanta rubutun. Ta dubi Lauya. "Au, mai tambayar ilimi."

"Shi ne, Hajiya. Kin ce gareji ɗaki ne da ake ajiye mota. Ga ɗaki, ga mota, ga shi a rubuce."

"Madalla. Fito da ita in gani."

"Doka ta ce a ajiye. Ba ta ce a fitar ba."

"Motar da ba ta fita ai ba ajiye ta aka yi ba, binne ta aka yi."

Ta sunkuya ta shiga, mu ma muka cusa kawuna. A dama ga gado an gyara shi da sabon zani, ga ƙaramin teburi da fitila, ga labule an rataye a bangon da ba taga. A hagu ga motar a durƙushe, bakin salansarta yana kallon matashin kai.

"Wannan gadon na wa ne?"

Lauya ya dubi gadon. In ya ce na Inna, ɗaki ya tabbata. "Na... aiki ne. In an gaji da kwanciya ƙarƙashin mota, sai a ɗan miƙe."

"Wato gyaran mota kake yi a nan?"

"Ƙwarai kuwa!" in ji direban tasi daga baya. "Tawa tana nan tun farkon mako. Babban bakanike ne, ya ce duk garin nan ba wanda ya san inji sai shi."

Matar ta gyara tabarau. "Malam, nan unguwar zama ce. An hana buɗe wurin gyaran mota a cikinta. Wannan laifin ya fi na ginin."

"A'a, a'a, ba irin wannan garejin ba! Ni ba bakanike ba ne. Ban taɓa cewa ni bakanike ne ba."

Nan take wurin ya fashe da hayaniya. Mai akori-kura ya ce to uban wa ya kwance masa inji. Mai farar mota ya ce shi tasa da ƙafarta ta zo, tari kawai take yi, yanzu ko numfashi babu. Direban tasi ya cire hula ya buga da ƙasa. Ana cikin haka sai ga matar Lauya ta fito da robar wanki, tana nishi don nauyi. Ta dire ta a tsakiyar titi, ƙarafa suka yi ƙara.

"Kowa ya tsinci nasa," in ji ta. "In kun gama ina son robata."

Mai dubawa ta jira hayaniya ta lafa. Ta ce, "To, ba wurin gyara ba ne. Ba wurin ajiye mota ba ne, tunda ba ta fita. Saura ɗakin kwana, wanda ba shi da taga, ba shi da izini. Cikin ukun wanne zan rubuta? Zaɓi ya rage naka, kai ne masanin."

Lauya ya hau ƙirga ukun da yatsu. Daidai lokacin motar Auta ta kutso cikin layin a hankali, ta tsaya inda hanya ta ƙare. Auta ya zagayo ya buɗe ƙofa, Inna ta sauko da ƙyar, tana dogara sanda. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai kaifin ido. Mutane suka buɗa mata. Ta tako har gaban ginin, ta ɗaga kai ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da bakin sandarta. Ta leƙa ciki ta ga gado, ta ga salansa. Sannan ta juyo ta dubi matattun motocin da suka yi layi, kowacce baki a buɗe.

"Babba, nan ne ɗakin nawa?"

"Inna, bari in yi miki bayani, a wurin doka..."

"Na ga layin. Bayan wacce zan tsaya?"

Wasu suka tuntsire da dariya. Ita ba ta yi ba.

"Na san gwiwata ta lalace," in ji ta a hankali. "Ban san lalacewar ta kai a kawo ni gareji ba."

Dariyar ta ɗauke. Na dubi fuskar Lauya, kuma ba zan ɓoye ba, ranar ce na fara jin tausayinsa. Duk kwat ɗin nan da duk dokokin nan sun zube, saura ɗan da uwarsa ta zo da ƙafa mai ciwo don ta zauna da shi. Inna ta juya ta ce, "Auta, juya motar."

Lauya ya zabura ya rarumi gudumar da magini ya bari a gefe. "Yanzu zan rushe shi, Inna! Yanzun nan! In fitar da motar, in buɗe taga..."

Ya ɗaga guduma sama, mai dubawa ta ɗaga biro. "Malam, rushewa ma sai da izini."

Ya tsaya da guduma a sama, bai buga ba, bai sauke ba. Auta ya mayar da Inna mota ya sa giyar baya, sai ya taka birki. Wasu mutane biyu ne suka turo wata matacciyar mota suka toshe bakin layin, ɗayansu yana ɗaga murya yana tambaya ko nan ne sabon garejin da ake yabo.

Ba gaba, ba baya. Inna tana zaune a mota, fuskarta a gefe. Matar Lauya ta harɗe hannuwa tana kallon mijinta, har ni da ke gefe na karanta abin da idonta yake cewa. Ya sauke gudumar. Ya taka zuwa tagar motar Auta, ya durƙusa a kan baƙin man da ya yayyafa da hannunsa.

"Inna, kada ki tafi. Akwai ofis a ƙasa..."

"Ofis?" in ji mai dubawa, biro ya sake tashi. "A unguwar zama? Kana karɓar jama'a a ciki? Da izinin wa?"

Mai kemis ya toshe baki da hannu. Kowa ya zuba wa Lauya ido, ana jiran a ji ta wace kafa zai ɓullo. Na ga leɓensa yana motsi, alamar wata sabuwar doka tana hanya. Sai ya dubi Inna, ya haɗiye ta.

"Ba ofis ba ne," in ji shi. "Ɗaki ne. Ɗakin Inna ne."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da na faɗa," in ji matarsa.

Inna ta juyo da fuskarta. "Yana da taga?"

"Biyu, Inna."

"Mota fa?"

"Babu."

Ta dube shi sama da ƙasa. Sannan ta buɗe ƙofa. Auta ya miƙo hannu zai taimaka, ta wuce hannunsa ta kama kafaɗar Babba, da baƙin man da komai, ya tallabe ta suka shiga gida.

Da hannunsa ya kwashe takardun nan kafin yamma. Da ya rasa inda zai zuba su sai ya cusa su cikin motar, tunda ba inda za ta. An kawo bakanike na gaske ya yi kwanaki yana tsintar ƙarafa a robar wanki yana tsinuwa. Rubutun bango an sa Lauya ya shafe, amma in rana ta haska har yanzu ana ganin inuwar haruffan. Mai kemis ya ce ya hango shi a ofishin tsara gari, zaune a layi, riƙe da lamba, yana neman izinin fitar da motarsa daga gidansa. Wai yana gaya wa na kusa da shi cewa bincike ya zo yi a kan yadda layi ke tafiya.

Sunan Lauya kuwa ya bi ruwa, kuma Inna ce ta raɗa masa sabo. Jiya da yamma yana ƙarƙashin barandata yana yi mini bayanin cewa likitocin yanzu ba su san gwiwa ba, gwiwa da doka duk abu ɗaya ne. Ya ɗaga yatsa zai kawo hujja ke nan, sai murya ta fito ta tagar ɗakin ƙasa.

"Bakanike! Zo ka shafa mini man nan."

Ya bar yatsan a sama da maganar a rabi, ya tsallaka titi da gudu.